Berea, Makarantar Da Ba Ta Ɗaukar Ɗan Mai Kuɗi

 Na san a waya kike karanta wannan, wataƙila ma tukunya na kan wuta, don haka bari in fara da abin da ya tashe ni zuwa garin da zan ba ki labarinsa.

Cikin watan Satumban 2023 na fito daga aikin dare a asibitin da nake jinya a birnin Lexington, jihar Kentaki ta Amurka. Ƙarfe bakwai na safe ne a nan, sha biyun rana a gida. Ina shiga mota sai ga kiran Yayata daga Funtuwa, muryarta cike da murna. Ta ce, "Auta, mun samo wa 'yarki hanyar Amurka." Shekara shida ke nan da rasuwar mijin Yaya, da keken ɗinki take riƙe da yara biyar. Babbar cikinsu ta gama sakandare da sakamako mai kyau, kuma tun tana ƙarama take cewa nas za ta zama kamar Antinta. Ashe wani ejan ne ya karɓi naira dubu ɗari huɗu a hannun Yaya, kuɗin adashinta da na 'yan kunnen gwal ɗinta na aure, a kan zai samo wa yarinyar tallafin karatu. Abin da ya rage, in ji shi, takardar banki ce mai nuna miliyoyi, kuma ya san wanda zai zuba musu kuɗin a asusu na mako biyu, a ba shi lada. Na ce, "Yaya, wace makaranta ce?" Ta yi shiru. Ba ta sani ba. Kafin watan ya ƙare wayar mutumin ta daina shiga.

Na kwana biyu abin yana ci mini rai, har wata abokiyar aikina, Baturiya 'yar ƙauyukan duwatsun gabashin Kentaki, ta lura. Da na ba ta labari sai ta ce ita ma mahaifinta a mahaƙar kwal ya ƙare rayuwarsa, kuma ko sisi ba a biya mata na kuɗin karatu ba har ta zama nas. Ta ce in je Berea in gani da idona. Ranar hutuna ta farko a watan Oktoba na kama hanya.

Daga Lexington zuwa Berea tafiyar minti arba'in da biyar ce a mota, kudu sak a kan babbar hanyar da suke kira I-75. Kewayen Lexington ƙasar dawaki ce. Gonaki ne kore shar, an kewaye su da shingen katako, da bargar dawakin da ta fi gidajen wasu attajiranmu kyau. Idan kika haye kogin Kentaki kika wuce garin Richmond, sai ƙasar ta fara tudu da gangare, ki hango duwatsu a gabanki. Nan ne bakin yankin Apalaciya, wanda ke cikin yankunan da suka fi talauci a Amurka. E, Uwargida, akwai talaka a Amurka, akwai Bature mai kwana da yunwa, ina yi musu jinya kullum. Lokacin kaka ne, ganyen itatuwa ya rine ja da ruwan ɗorawa, ga wani sanyi mai kama da na farkon hunturunmu amma babu ƙura.

Garin ƙarami ne, mutanensa kusan dubu goma sha biyar, kuma kwalejin ce cibiyarsa. Babu katanga, babu ƙofar shiga da mai gadi. Titin gari ya ratsa tsakiyar makarantar, gine-ginen jan bulo a dama da hagu. Ɗalibanta wajen 1,500 ne, ba su kai na sashe guda a Jami'ar Ahmadu Bello ba.

Tarihinta ya tsaya mini a rai. Wani malamin coci mai suna John G. Fee ne ya kafa ta a 1855, lokacin da ake sayar da baƙar fata a kasuwa a wannan jiha. Shi kansa ɗan mai bayi ne, ya ƙi sana'ar gidansu, ya ce zai buɗe makarantar da baƙi da fari, mace da namiji, za su zauna aji ɗaya. Wanda ya ba shi filin kuwa sunansa Cassius Clay, wani attajiri mai adawa da bauta. Idan sunan ya yi miki kama da wanda kika sani, ba ki yi kuskure ba: sunansa aka sa wa mahaifin ɗan damben nan Muhammad Ali, shi ma Ali da sunan ya tashi kafin ya musulunta, kuma ɗan Kentaki ne. A 1859 mutane ɗauke da makamai suka kori Fee da jama'arsa daga yankin. Bayan yaƙin basasa suka dawo, a 1866 makarantar na da ɗalibai baƙar fata 96 da farar fata 91. A 1904 jihar ta kafa dokar hana haɗa baƙi da fari a makaranta ɗaya, kwalejin ta kai ƙara har kotun ƙoli, ta sha kaye a 1908. Sai a 1950 baƙar fata suka sake shiga ajinta. Carter G. Woodson, wanda ya assasa bikin tunawa da tarihin baƙar fata a Amurka, a nan ya yi digirinsa na farko.

Abin da ya shafe ni da ke shi ne wannan: tun 1892 Berea ba ta karɓi kuɗin karatu a hannun ɗalibi ba. Tana da asusun gidauniya na sama da dala biliyan ɗaya, wanda masu ba da gudummawa suka tara cikin shekaru, daga ribarsa ake biyan mafi yawan hidimar. Sharaɗinta kuma biyu ne, yaro ya kasance mai ƙoƙari, iyayensa kuma su kasance marasa hali. Idan samun gidanku ya wuce wani mizani, ba za a ɗauki ɗanki ba ko da shi ne na ɗaya a jiharku. Sai da na sa matar da ke ofishin karɓar baƙi ta maimaita mini wannan, don kunnena bai saba jin irinsa ba.

Sannan kowane ɗalibi sai ya yi aiki, aƙalla awa goma a mako, ana biyansa ɗan abin kashewa. Yarinyar da ta zagaya da mu ɗaliba ce, zagayen shi ne aikinta. Wanda ke share ganye a bakin hanya ɗalibi ne. Masu kiwon shanu da aladu a gonar makarantar, masu wanke kwanuka a ɗakin cin abinci, masu gyaran kwamfuta, duka ɗalibai ne. Idan yaro ya gama, ban da takardar sakamakon karatu, akwai ta aikin da ya yi. Na shiga wurin da suke sana'ar hannu na tarar da 'yan mata a kan masaƙa irin ta ƙafa, samari na sassaƙa kujeru. A wani ɗaki kuma tsintsiya ake ɗaurawa. Na ɗauki ɗaya na shinshina, na ji ƙamshin gida. Ashe da kan wata irin dawa ake yin ta, 'yar uwar dawarmu ta tuwo. Da na duba farashin sai na mayar da ita a hankali, don kuɗin guda ɗaya zai sayi tsintsiyar unguwarmu kaf. Na dai ɗauki hoto na tura wa Yaya, ta turo mini saƙon murya tana dariya, wai ashe jami'a ake zuwa a koyi abin da Inna ke yi a zaure.

Da rana na ci abinci a Boone Tavern, wani farin otal mai dogayen ginshiƙai da ke tsakiyar gari. Shi ma na makarantar ne, ɗalibai ne ke kawo abinci. An gina shi a 1909 saboda matar shugaban kwalejin na lokacin ta gaji da baƙi, a bazara ɗaya mutum wajen 300 suka sauka a gidanta, ta ce wa maigidan a nema musu masauki. Duk matar da gidanta ke kusa da tasha ko babban asibiti ta san abin da baiwar Allah nan ta ji. Abincin da suka yi suna a kansa wani abu ne na garin masara da madara da ƙwai da man shanu, ana ɗiba da cokali. Tuwon masara ne da ya ji daɗin duniya.

Yanzu ga lissafin, ki ajiye ludayin ki karanta a tsanake. Mafi yawan ɗaliban Berea 'ya'yan Kentaki ne da yankin Apalaciya, don su aka gina ta. Amma tana ɗaukar yara daga ƙasashen waje, akwai 'yan ƙasashe fiye da sittin a cikinta. Ɗan ƙasar waje da ya samu shiga, a shekarar farko makarantar ce ke ɗauke da karatunsa, ɗakin kwana da abinci. Ana neman ya ajiye dala 2,200 kafin ya zo, kuɗin da shi za su yi wa amfani a tsawon zamansa, kuma wanda ba shi da su yana iya neman a taimaka masa. Daga shekara ta biyu ana so ya riƙa tara dala 1,000 a shekara daga aikin da makarantar ke ba shi lokacin dogon hutu. Kuɗin jirgi na gidanku ne. Ƙofar kuma ƙarama ce ƙwarai: ɗaruruwan yara ne ke nema daga duniya duk shekara, waɗanda ake ɗauka 'yan gomomi ne. Kada ki ji labarin nan ki fara yi wa yarinya ɗinkin tafiya.

Berea ita ce ta fita daban, don haka ya kamata ki san yadda sauran suke. Tallafin gwamnatin Amurka na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama, ɗanki ba ya ciki. Jami'o'in jihohi, waɗanda su ejan-ejan suka fi tallatawa saboda sauƙin samun gurbi, da wuya su ɗauke wa baƙo dukkan nauyi. Sukan rage wani abu, su kira shi sikolashif, a bar ku da dala dubu ashirin ko talatin a shekara. Kuɗin gaske yana hannun makarantu masu zaman kansu masu manyan gidauniyoyi, inda hidimar shekara guda kan kai dala 80,000, amma su yafe ta duka ga yaron da suke so.

Su ma kashi biyu ne. Akwai 'yan kaɗan da ba sa duban aljihu lokacin zaɓe, sai sun ɗauki yaro sannan su tambayi abin da gidansu zai iya, su cike sauran. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a kan haka har ga baƙi, Dartmouth da Bowdoin suka bi sahu a 2022. A Harvard, a 2023, gidan da samunsa bai kai dala 85,000 a shekara ba, ba ya biyan komai. Sai dai cikin kowane mutum ɗari da suka nema a 2023, waɗanda ta ɗauka ba su kai huɗu ba. Kashi na biyu su ne masu yawa, masu duban aljihu. Suna da tallafi, amma an ƙayyade na baƙi, don haka yaron da ke buƙatar a biya masa komai yana takara ne a kan 'yan kujeru ƙalilan.

A nan ne na gane kuskurenmu, ni da Yaya da yawancinmu. Mu an tashe mu a kan rufin asiri. Mace za ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, gari ya waye ta ɗaura zaninta mai kyau ta ce lafiya lau. Halin kirki ne a unguwa, amma a fom ɗin neman tallafi shi ne ke kayar da yaro. Uwa na ganin inda aka ce a rubuta samun gida, sai kunya ta kama ta, ko ta ji tsoron za a raina su, ta ƙara sifili. Wasu ma cewa suke ba sa neman tallafi, da niyyar idan yaro ya shiga sai a roƙa. Makarantu da yawa sun rubuta ƙarara cewa baƙon da bai nemi tallafi tun farko ba, ba zai nema daga baya ba. Na san wani yaro ɗan Afirka ta Yamma a Lexington da ya bar karatu a shekara ta biyu saboda haka, ga bashi, ga takardun zamansa sun lalace. Maganar "idan ya je zai yi aiki ya biya" kuwa, ki cire ta a ranki. Bizar ɗalibi awa ashirin a mako ta yarje masa lokacin karatu, a cikin makaranta, kuma abin da zai samu ba zai taɓa kusantar kuɗin karatu ba.

Takardar bankin aro ta fi komai haɗari. Idan makaranta ta ɗauki nauyin yaro, za ta aiko masa da takardar da ake kira I-20, a jikinta an rubuta tallafin da aka ba shi, ita zai kai ofishin jakadanci. Ba ya buƙatar miliyoyin wani. Idan kuwa aka kama shi da takardar ƙarya, ana iya haramta masa shiga ƙasar har abada. Bizar ma ba tabbas ba ce ko da gaskiyar, yara da yawa daga ƙasashenmu an hana su bayan sun samu gurbi.

Neman kansa yaro ne ke yi da hannunsa, ta intanet. Makarantu da yawa suna amfani da fom guda mai suna Common App, kuma marar hali na iya neman a yafe masa kuɗin cikewa. Bayanin dukiyar gida a wani fom ake yi, CSS Profile, ko wanda makarantar ta tsara. Berea nata fom ɗin daban ne. Ana son sakamakon yaro na shekarun ƙarshe na sakandare, ba WAEC ko NECO kaɗai ba, da wasiƙun malamai da suka san shi da gaske, da jarrabawar Turanci irin su TOEFL, IELTS ko Duolingo wadda ta fi araha, wasu kuma da SAT. Sai rubutun da yaro zai ba da labarin kansa. 'Yarmu da farko ta rubuto mini wani dogon Turanci a kan son ceto bil'adama. Na ce ta share, ta rubuta yadda ta riƙa auna wa mahaifinta maganin hawan jini tana 'yar shekara goma sha ɗaya, da yadda take rubuta wa uwarta littafin bashin masu ɗinki. Ana rufe karɓa tsakanin Nuwamba da Janairu, amsa ta zo wajen Maris ko Afrilu. Wato yaron da ke aji biyu na babbar sakandare, yanzu ne lokacinsa na fara shiri.

Ko an yafe komai, akwai kuɗin da ba ya yafuwa: fasfo, jarrabawa, dala 350 na rajistar SEVIS, dala 185 na biza, tafiya Abuja ko Legas don ganawa, tikitin jirgi, rigunan sanyi. Ki buga wannan da canjin yau ki ga inda ya tsaya. Ofishin EducationUSA na gwamnatin Amurka, wanda ke Abuja da Legas, yana ba da shawara, kuma yana da wani shiri da ke biya wa 'ya'yan talakawa masu hazaƙa irin waɗannan kuɗaɗe, shi ma da takara ake shiga. 'Yan uwanmu na Nijar da Gana su nemi nasu a Yamai da Akara. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 'yan Najeriya sama da 17,000 ne ke karatu a Amurka, babu ƙasar Afirka da ta kai haka, amma ni a zamana nan da wuya in haɗu da ɗan Arewa a cikinsu. Ban yarda ƙwaƙwalwa ce ta yi mana ƙaranci ba. Labarin ne ba ya isowa gidajenmu sai ta bakin ejan. Wanda kuma ke ganin Amurka ta yi nisa, Jami'ar Ashesi da ke Berekuso kusa da Akara tana ɗaukar yaran Afirka marasa hali a ƙarƙashin tallafin gidauniyar Mastercard.

Na san tambayar da ke bakinki, don ita Yaya ta fara yi mini: tarbiyya fa? Berea tushenta na Kirista ne, ba ta ɓoye ba, ko da yake ba ta ƙarƙashin wata ɗariƙa kuma tana ɗaukar mai kowane addini. Kusan duk ɗalibai a cikin makaranta suke kwana. Na haɗu da wata ɗaliba mai hijabi a bakin ɗakin karatu, na yi mata sallama ta amsa da fara'a. Ta ce babu mai takura mata, amma azumin farko da ta yi a nan sai da ta yi kuka, don ita kaɗai ta sha ruwa a ɗakinta. Masallatai da shagunan naman halal suna Lexington. Wannan hukunci ne da ke da mahaifin yarinya za ku yanke, ku da kuka san halin 'yarku. Mu abin da ya sauƙaƙa mana shi ne ina kusa, kuma makarantar na koyar da aikin jinya.

Kafin in bar garin na hau dutsen da ke dajin makarantar, daji ne mai faɗin eka wajen dubu tara. Hawan ya ba ni wuya, duk da yawon da nake yi a ɗakin marasa lafiya. Daga sama ana ganin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar masu dawaki ta gefe ɗaya, duwatsun masu haƙar kwal ta ɗaya gefen. A nan na zauna na kira Yaya, na ce ta ɗauko biro.

Mun kwashe sati uku a kan shafin samun gida. Na ce ta faɗi abin da ɗinki ke kawowa a wata. Ta ce, "Haba Auta, sai in tona wa kaina asiri a gaban Turawa?" Na ce, "Yaya, asirin nan shi suke nema." Ta ce a rubuta cewa ni nake riƙe da gidan, na ce a'a, a rubuta daidai abin da nake turowa, ba ƙari ba ragi. Muka lissafa watan Sallah da keke ba ya hutawa, da watannin damina da sai a yi kwana goma ba a kawo ko gyaran zip ba. Muka sa kuɗin makarantar ƙanne huɗu da na haya. Da jimillar ta fito Yaya ta yi shiru, can ta ce ita kanta ba ta taɓa sanin da wannan take ciyar da mutum shida ba.

'Yarmu ta tura takardunta Berea da wasu makarantu shida. Amsa sai nan da wata biyu, kuma na faɗa mata gaskiya cewa rashin samu ya fi samu kusa. Ta sayi fom ɗin JAMB a makon jiya, ta cike Zariya, ta kuma sa ido a kan makarantar koyon jinya ta jiha. 'Yan kunnen Yaya dai sun tafi. Jiya ta kira ni ta ce maƙwabciyarta na son lambata, wai ita ma wani ya ce ta kawo dubu ɗari biyar a kai ɗanta Kanada, an ba ta zuwa Juma'a.